Ranar da Muka Raka Abdulhadi Hawan Dutse

Masu bin labarina, ku yi min afuwar shirun kwana biyun nan. Ƙafafuna ne suka kumbura, kuma ban so in zauna rubutu ina huci in zo in faɗi abin da zan yi nadama. To har yanzu dai ban huce ba, ku karanta a haka.

Ga wadda yau ta fara shigowa: sunana Tahira, shekarata ashirin da huɗu, ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu da ke gefen Tsanyawa. Wanda nake so sunansa Abdulhadi. Ɗan Bici ne, a kwaleji muka haɗu, yanzu yana aikin haɗa sola a Kano. Yana salla a kan lokaci, ba ya shan komai, bai taɓa ɗaga min murya ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mana a wuya, shi ne wannan jarabar tasa ta hawan dutse.

Kada ku ɗauka aiki ne ko wani ke biyansa. Haka kawai, duk ƙarshen wata, sai ya goya jaka, shi da abokansa su nufi duwatsun da ke can ɓangaren Kazaure, su hau har sama, su kafa tanti su kwana, gari ya waye su sauko. Mutum da ɗakinsa, da katifarsa, da fankar da ya haɗa da hannunsa.

Ku kuma ku fahimci garinmu. In kika tsaya a ƙofar gidanmu, gona ce ke bin gona har inda ido ya ƙare. Abu mafi tsawo da muke da shi rimin bakin masallaci ne. Kuma a wajenmu ba a barin gari sai da dalili: biki, suna, dubiya, ta'aziyya, kasuwa. In ka ce za ka je wani wuri, tambayar farko ita ce wa za ka gaisar. Yanzu ta ina zan fara yi wa mutanen nan bayanin saurayin da ke tafiyar awa biyu a mota don ya je ya kalli iska?

Ni dai da farko na yi shiru da maganar. Aina'u ce, 'yar ƙanwar Inna, ta ga hotonsa a sitatus ɗinsa na waya, ta ɗauki wayar sukutum ta kai tsakar gida. Ga shi nan a bakin wani gangare, ya ware hannaye, bayansa babu komai sai sama. Inna ta ce wannan wurin aljanu ne, ba makawa. Gwaggo Hure, yayar Baba, ta ce ita ta san irinsu, asirin kuɗi suke nema. Maƙwabciyarmu da ta shigo aron rariya ta ƙara da cewa a wannan zamanin dai an san su waye ke kwana a jeji. Kafin la'asar labari ya kai majalisar bakin masallaci.

Baba bai yi faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi min sauƙi. Ya kira ni soro ya ce manyan Abdulhadi sun nemi zuwa gaisuwa ranar Juma'a ta sama, shi kuma ya miƙa binciken ga ƙaninsa, Baffa Iliyasu, wanda dama shi ne waliyyina.

"In Iliyasu ya ce su zo, su zo. In ya ce a'a, kada ki sake tayar min da maganar."

Na shige ɗaki na janyo waya na rubuta wa Abdulhadi.

"Don Allah ka cire hotunan nan."

"Me ya faru? Ba ki ga yadda hasken ya fito ba?"

"Na gani. Gwaggo ma ta gani. Ta ce tsafi kake yi."

Sai ga fuskokin dariya guda biyar sun jero. Aurena na lilo, shi dariya yake turo min. Da na yi masa bayani sosai sai ya ce abin mai sauƙi ne, a kawo su Baffa ranar Asabar su gani da idonsu, dama akwai fita ranar. Na ce ba shi da hankali. Na kai wa Baffa saƙon ne kawai don in fita haƙƙi, na tabbata zai ƙi. Yana gyaran ƙotar fartanya ya saurare ni, ya ce shi ma dama bai cika yarda da binciken da ake yi a zaune ba. Za shi. Kuma tunda ba zai yiwu in bi maza biyu ni kaɗai ba, Gwaggo Hure za ta raka ni.

Abdulhadi ya turo jerin abin da za a tanada: kambas, kaya marasa nauyi, ruwa da yawa. Na karanta musu sau biyu. Ni na sa doguwar riga mara nauyi da wando a ciki, da hijabi ruwan toka, na ari kambas ɗin Aina'u da ya yi min yawa na cusa masa auduga. Da asubar Asabar na fito tsakar gida, abin da na gani ya sa na dafa bango.

Gwaggo ta ci ado da leshinta ruwan goro, wanda ba ta fito da shi sai babban biki. Ɗauri ya zauna, mayafi a kafaɗa, takalmi mai ɗan tudu, ga turare har soro. A gabanta kula biyu na dambun zogale, da leda baƙa cike da daddawa da kuka.

Na ce, "Gwaggo, wannan fa?"

"Tsarabar mutanen gidan. Hannu rabbana za mu je musu?"

Na ce babu gida, babu mutane, dutse ne kawai. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa yarinyar da ba ta san duniya ba, ta ce babu wurin da ba shi da masu shi. Baffa kuwa ya iso cikin farar shadda babbar riga, da hula, da takalmi sau-ciki, riƙe da butarsa. Wa zan fara da shi?

Mun hau bas a Tsanyawa, muka sauya wata a hanya, daga ƙarshe muka hau mashin. Damina ta zauna, gero ya kai ƙugu, ko'ina kore shar. Tun daga nesa muka fara hango duwatsun sun taso sun tsaya a kan hanya, Gwaggo ta fara salati ƙasa-ƙasa. A wani ɗan ƙauye da ke gindinsu muka tarar da Abdulhadi yana jira. Wando mai aljihu shida, hular hana-salla, baƙin tabarau, da jakar goyo da ta kusa kai tsawonsa. Ya yi saurin cire tabarau ya durƙusa zai gaida Baffa, jakar ta rinjaye shi baya, ya zauna daɓas a ƙasa. Baffa ya amsa gaisuwar da cikakkiyar nutsuwa kamar haka aka saba gaida shi. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage.

Amma fa ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya karɓi kulolin Gwaggo ya rataya, ya ba kowa gorar ruwa, ya sare wa Gwaggo sanda. Muna tafiya yana bayani: wancan mai kai a karkace shi ake kira Dutsen Shaho, can saman akwai fili, daga bakinsa ana ganin ƙauyuka goma sha. Baffa yana gyaɗa kai. Har na fara jin sanyi a raina.

Sai muka zo bakin wata gona.

Gona ce doguwa, gero da gyaɗa, an yi mata huɗa mai kyau, an kewaye ta da gamba. A daidai inda muka tsaya an datse gambar, an jibge reshen ƙaya a wurin. Daga bayan ƙayar wata siririyar hanya ta miƙe ta ratsa tsakiyar gonar a karkace, ta tattake kunyoyin ɗaya bayan ɗaya har gindin dutse. Abdulhadi ya sa ƙafa ya ture ƙayar gefe.

Ya ce, "Kullum sai wani ya zo ya sa wannan abin, ban san dalili ba."

Ya juyo yana murmushi ya gaya wa Baffa cewa da can sai an zagaya, tafiyar kusan minti ashirin. Shi ne da kansa ya gano wannan yanken, ya sa shi a taswirar waya, yanzu duk mai zuwa ta nan yake bi. Har ya fito da wayar ya nuna masa jan layin. Da alfahari fa, jama'a. Da alfahari yake gaya wa manomi ɗan manomi cewa shi ya buɗe hanya a tsakiyar shukar wani.

Baffa ya kalli wayar, ya kalli gonar. Ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa ya bi ta gefen gamba, hanyar zagaye. Gwaggo ta bi shi da sandarta.

A nan ne zan faɗa muku abin da na fi jin kunyarsa. Ni 'yar manomi ce. Tun ina shekara biyar na san ba a taka shuka, na sha rankwashi a kan haka. Amma Abdulhadi ya riga ya shiga, ya juyo yana min alama da hannu, ni kuma na ga in na bar shi shi kaɗai kamar na tozarta shi a gaban manyana. Sai na bi shi. Kowane taku ina jin gyaɗar da ke gefe tana karyewa a ƙarƙashin ƙaton kambas ɗin Aina'u. Muka isa gindin dutse muka tsaya jiran su, yana ta duba agogo yana cewa kin ga amfanin yanke.

Hawan kansa ba zan ɓata muku lokaci da shi ba. Awa ɗaya da rabi. Gwaggo ta cire takalmi tun a kashin farko ta riƙe a hannu, ɗaurin ya koma gefe, duk inda muka huta sai ta tambaya ko an kusa gidan. Ni numfashina har wani fito yake, audugar takalmi ta dunƙule ta koma ƙarƙashin yatsa. Wanda bai ko yi haki ba shi ne Baffa. Da babbar riga da buta ya riƙa wuce Abdulhadi yana jiransa a gaba.

Da muka kai sama kuwa, sai na tsaya cak. Fili ne na dutse sumul, sai kawai ya yanke, ƙasa ta yi nisa can. Iska mai sanyi ta cika min hijabi. Gonaki sun shimfiɗu har ƙarshen gani, ga rufin kwano na ƙyalli nan da can, ga wani tafki, ga shaho yana shawagi a ƙasa da mu. A ƙasa da mu fa. Shekara ashirin da huɗu ina ɗaga kai in kalli shaho, ranar na ga bayansa. Na ji ƙwalla ta taru min, na kuma ji haushin kaina, domin duk kwanakin nan ina kare mutumin nan a gida alhali ni ma a zuciyata ina ganin wauta yake yi.

Gwaggo ta zauna nesa da bakin, ta leƙa hagu ta leƙa dama. Da ta tabbatar babu kowa sai ta ce to ita dai ba ta ga wurin yanka ba, ba ta ga ƙwarya ko jan ƙyalle ba. Ta buɗe dambu. Muka yi azahar, Baffa ya ja mu. Abdulhadi ya fito da ɗan murhunsa ya dafa shayi, Baffa ya sha har ya nemi ƙari. Na ce a raina shi ke nan, Tahira, Juma'a ta tabbata. Har na fara tunanin wace atamfa zan sa.

Baffa ya ajiye kofi ya taka zuwa bakin gangaren, ya goya hannu a baya, ya daɗe yana kallo. Sai ya kira.

"Malam Abdulhadi, zo ka nuna min wani abu."

Na bi su a baya. Baffa ya miƙa yatsa ƙasa. Daga nan sama gonar ta fito tsaf, kore daga farko har ƙarshe, sai farin layi guda da ya raba ta biyu kamar tsagar kitso.

"Waccan mece ce?"

"Hanyarmu ce, Baffa."

"Tun yaushe?"

"Wannan ce damina ta biyu."

"Mutum nawa ke bi?"

"Wani zuwan goma, wani ashirin. Akwai wasu ma da ba ƙungiyarmu ba."

"Mai gonar, ya sunansa?"

Abdulhadi ya yi shiru. Da ma ya tsaya a shirun. Amma ina, ɗan boko, sai ya shiga bayani. Wai faɗinta bai wuce taku biyu ba. Wai ko'ina a duniya masu hawan dutse suna da hanyoyinsu. Wai in an auna abin da ta rage wa gonar ba zai wuce kwano ɗaya ba. Ina ta ƙifta masa ido, bai ko kalle ni ba.

Baffa ya bari ya gama tas, sannan ya ce, "Kwano ɗayan, naka ne?"

Har Gwaggo ta daina tauna.

Baffa ya ci gaba a hankali, ba faɗa a muryarsa. Ya ce maganar tsafi ya wanke shi, maganar mutanen jeji ma ya wanke shi, zai faɗa a gaban kowa. Wurin kuma yana da kyau, shi kansa ya gode da aka kawo shi. Amma shi 'ya zai bayar, kuma yana so ya san yadda mutum yake yi da abin da ba nasa ba in mai shi ba ya wurin. Ya ɗauki butarsa.

"Mu za mu sauka mu nemi mai gonar mu ba shi haƙuri. Kai kuma yadda ka gani."

Na ja Abdulhadi gefe bayan wani dutse, ina magana ta cikin haƙora. Na ce ya ɗauki jakarsa ya bi mu yanzu-yanzu. Ya ce ba zai yiwu ba, abokinsa Kamaruddeen na tafe da mutum goma sha biyu da la'asar, shi Abdulhadin ne jagora, tantuna suna wajensa. Gobe in sun sauko zai nemi mai gonar.

"Gobe Baffa yana gida."

"To ai ba don Baffa zan ba da haƙurin ba."

"Abdulhadi, aurenmu ne a cikin gonar can."

Fuskarsa ta ɗaure. Ya ce a gabana aka tsayar da shi aka yi masa tambayoyi kamar ɗan aji uku, shi da ya kwana biyu yana shirin karrama su. Ya ce in a kan taku biyu na ƙasa za a hana shi aure, to dama ba a yi niyyar ba shi ba. Na dube shi, na ga yana jin kunya ne ya rasa inda zai sa ta, ya mayar da ita fushi. Na gane hakan sarai, kuma ganewar ba ta rage min komai ba. Ji na yi kamar in ɗauki murhun shayin in wurga ƙasa. Na juya na bi su Baffa.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Muna isowa gindin dutse muka hango wani dattijo siriri yana jan reshen ƙayar nan yana mayar da shi wurinsa. Baffa ya yi masa sallama, suka gaisa doguwar gaisuwa ta manoma, ya ruwa, ya shuka, ya iyali. Sunansa Malam Sabiru. Da Baffa ya faɗi abin da ya kawo mu sai tsohon ya rikice, ya hau ba mu haƙuri shi. Ya ce shi bai taɓa tsayar da su ba, ya ga suna zuwa da tabarau da manyan jakunkuna suna duba waya, ya ɗauka ma'aikatan gwamnati ne masu awon ƙasa. Yana tsoron ya yi magana a ce za a karɓe gonar gaba ɗaya. Ƙayar ma a ɓoye yake sawa, in ya ga sun tafi.

Damina biyu mutumin nan yana kwana da fargaba saboda Abdulhadi na son ya rage minti ashirin. Na sunkuyar da kai ina kallon kambas ɗina, ga ganyen gyaɗarsa manne a jiki.

Baffa ya tambaye shi ko yana da garma a kusa, da ragowar irin wake, tunda wake har yanzu zai kama. Malam Sabiru ya ce subhanallahi, baƙo da shadda. Baffa ya riga ya cire babbar rigar ya ninke ya ɗora a kan gamba, ya ajiye hula a kanta, ya naɗe wando. Gwaggo ta gyara ɗauri ta sa takalmi, ta ce a nuna mata gidan Malam ɗin ta gaida iyalinsa. Ta ɗauki ledar daddawarta ta wuce ni tana min wani kallo irin na ai dama na gaya miki.

Ƙasar hanyar ta daskare saboda taku, sai an sara da ƙarfi take tashi. Kunyoyin da aka karya sun fi sittin. Baffa yana tayar da su ɗaya bayan ɗaya, ni ina binsa da ƙwaryar wake, in zuba in rufe da dunduniya. Na cire kambas ɗin na jefar gefe. Malam Sabiru ya yi ta ƙoƙarin karɓar garmar, Baffa ya ce namu ne suka ɓata, mu za mu gyara.

A wajen kunya ta goma Baffa ya tsaya, bai juyo ba ya yi magana.

"Tahira. In na kai ta ƙarshe zan sa rigata mu tafi, kada mu rasa mota. Abin da na gani zuwa lokacin, shi zan gaya wa babanki."

Na ce to. Na koma gefe na fito da waya da hannu duk ƙasa, na rubuta wa Abdulhadi.

"Baffa yana huɗar gonar da kansa."

Ya shiga. Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta tsaya, ta dawo, ta ɓace.

"In ya gama za mu tafi. Ka sauko."

Ya karanta. Shiru.

Mun yi la'asar a gindin wata tsamiya, muka koma. Can sai ga su Kamaruddeen sun ɓullo da jakunkunansu, maza da mata, kuma ba su nufi ƙayar ba, ta gefen gamba suka bi a jere. Kamaruddeen ya ƙaraso ya gaida Baffa yana sosa ƙeya, ya ce Abdulhadi ne ya turo musu saƙo kada wanda ya taka gonar, ya ma goge layin daga taswira. Na kalli Baffa da sauri.

Ya ce, "Madalla. Allah ya yi masa albarka." Ya ɗaga garmar ya ci gaba. Da suka wuce sai ya ƙara da cewa, kamar da ƙasar yake magana, "Saƙo ba ya riƙe garma."

Daga nan na daina kallon waya na koma kallon dutse. Daga gonar ana ganin hanyar saukowa tun daga wajen rabinta, duk abin da ya motsa sai in ɗauka Abdulhadi ne. Akuya ce. Wani kuma inuwar gajimare. Rana ta fara yin ja, kunyoyin suna ƙarewa. Saura goma. Saura shida. Sai a lokacin na lura da wani abu: Baffa ya rage sauri. Mutumin da a gayya samari ke roƙon kada a haɗa su layi da shi, yau sai ya sara sau ɗaya ya tsaya ya murje ɓurɓushin ƙasa da hannu, ya cire ciyawar da ba ta tsare wa kowa komai ba, ya tambayi Malam Sabiru wane irin gero ne wannan. Ba gajiya ce kaɗai ba. Ja yake yi.

Duk da haka ta ƙarshe ta zo. Ya tayar da ita, ya daddaɓe gefenta da bayan garma. Na zuba wake uku na rufe. Baffa ya miƙe a hankali yana dafe da ƙugu, singiletinsa ya jiƙe sharkaf, na ga tafin hannunsa ya fashe a wuri biyu. Ya ɗaga kai ya kalli dutsen. Babu kowa a hanya. Malam Sabiru ya fara jero godiya da addu'a, ya je ya ɗauko masa rigar da hannu biyu.

Baffa bai karɓa ba. Ya dube ni sau ɗaya, ya kawar da kai.

"Dakata, Malam. Waɗancan na farkon ban ji daɗinsu ba. Bari in ƙara musu ƙasa."

Babu abin da ya samu na farkon. Ni na bi su ɗaya bayan ɗaya, sun fi na mai gonar kyau. Ya saɓa garmar a kafaɗa ya juya, tsoho mai shekara sittin da shida, yana ɗan ɗingishi, ya koma farkon gona.

Na tsaya a wurin hawaye na zuba, kuma wallahi ba na tausayin kaina ba ne, na takaici ne. Na goge hannu a jikin hijabi na rubuta:

"Baffa ya gama, ya koma farko saboda ni. In ya kai ƙarshe karo na biyu ba ka sauko ba, ba sai ya gaya wa Baba komai ba. Ni zan gaya masa."

Na tura. Ban jira in ga ko ya karanta ba. Na kashe wayar gaba ɗaya na jefa a aljihu, na je na kama ƙotar garmar na ce Baffa ya ba ni, wannan zagayen nawa ne.